Haƙora Biyu

Kafin su ba ni haƙoran
sai da dattawan ƙauye suka yi zaman kwana uku,
suna tauna ganyen koka, suna duban tafkin Titikaka
kamar shi ne alƙali.
Rana ta huɗu kakata, Dominga Kallisaya, ta miƙe:
"Rubuta a takardarki, Wara, aro ne.
Masu abu suna jiran abinsu."

Daga hasumiyar dutse muka ɗauko su,
inda wata mace ta shekara ɗari takwas a zaune,
gwiwa a ƙirji, fuska gabas,
rungume da yaron da bai kai famfara ba.
Turmi ɗaya nata, ɗan tsinin haƙori nasa.
Na naɗe su a ƙyallen ulu har La Paz.

A ɗakin bincike ni ce abin tsoro.
Farar riga har ka, safar hannu biyu-biyu,
baki a rufe,
don numfashina kaɗai ya isa
ya yi wa matacciya shaidar zur.
Na huda, na kankare:
garin bai kai gishirin da ake barbaɗa wa dankali ɗaya ba.
A ciki aka ce asalin mutane yake kwance.

Ƙwayoyin halitta ba sa zuwa da labari a jere.
Guntayen zare ne, saƙar da asu ya ci,
sai mu ɗaura wannan da wancan,
wata biyar, na'ura na gurnani, shayi na hucewa.

Ranar da sakamako ya fito
Dakta Anselmo Yujra ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.
Zaren matar ya bi uwa, ya bi uwar uwa,
ya sauka daidai ƙofar gidan kakata.
Ya kuma yi baya, arewa, arewa,
har ƙasar ƙanƙara inda wasu suka tako da ƙafa
ba su san sabuwar duniya suka shigo ba.

Yaron fa?
Ba ɗanta ba ne. Ba ɗan ƙanwa ba, ba jika ba.
Jininsa na mutanen kurmi ne, can gangare,
inda zafi ke dafa mutum da ransa.
Ko da zare ɗaya ba su haɗu ba,
sai hannun nan da ya ƙi sakinsa.

Na koma gida, na tarar tana tattake dankali a kan raɓar sanyi.
Na ba ta labarin ƙanƙara, ta yi dariya:
"Mu daga tafkin nan muka fito.
Amma ƙanƙara ai ruwa ce da ta yi barci,
ban ce injinku ya yi ƙarya ba."

Na ba ta labarin yaron.
Ƙafarta ta tsaya.
Iska ta ratsa ciyawa, wata lama ta ɗaga kai.

Akwai abin da ban faɗa ba.
Miyauna yana cikin na'urar don tsaron kuskure,
nata ma yana ciki, da yardarta,
kuma na ga layina da nata
sun wuce juna kamar baƙi a kasuwa.

Ta dube ni ta ce, "Kin gani ke nan.
A bayan motar lemo na tsinci ubanki,
yana kuka, ba mai shi.
Injin naku yana auna daren da aka kwana ba barci?
Yana auna goyo?"

Na ce, ba ya aunawa, Kaka.

"To ki rubuta: ɗanta ne."

Da safe muka hau tudu mu biyu.
Kowane haƙori da 'yar hudarsa,
ta ba su haƙuri a kan wannan.
Ta mayar da babba mazauninsa,
ƙaramin kuwa ta miƙo mini,
don hannunta na rawa,
ni kuma nawa ya saba.